Don lektar ya mutu ba a zubar da ordinatar

Ƴan'uwana ƴan kasuwa, maza da mata, akwai wata asara da muke yi ba tare da mun lissafa ta ba. Tsohon ordinatar irin na bisa tebur, mai babban akwati, ranar da ya daina karanta faifai sai a ce ya mutu. A tura shi bayan buhuna, ko a ba masu sayen tsohon ƙarfe a kuɗin goro. Ni ban yarda da wannan ba. Abin da ya lalace ɗan akwati guda ne, wanda masu gyara ke kira lektar, kuma matar da ta iya kwance keken ɗinkinta ta sa masa mai za ta iya canza shi da hannunta.

Wani zai ce wa ke ta faifai yanzu, ga kile ga katin memuwa a cikin salula? To, Hajiya, buɗe akwatinki ki duba. Bikin ɗiyarki na 2008 yana kan faifai. Sunan jikanki yana kan faifai, haka dawowar Alhaji daga Makka, haka wa'azin malamin da ya riga mu gidan gaskiya. Faifan da aka kwafa a shago ba ya dawwama: zafi na cinsa, rana na cinsa, karce ɗaya ya isa ya tsayar da hoto. Ga shi yawancin sababbin ordinatoci ba su zuwa da wurin sa faifai ko kaɗan. Tsohon nan da kike raina shi ne hanyar da ta rage miki ta kwashe abubuwan nan.

Kafin a sayi komai, a duba ko ƙofar ce kawai ta ƙi buɗewa. Akwai wata ƴar ƙaramar huda a gaban lektar. A tura waya siririya a ciki, ƙofar za ta fito. Sau da yawa ɗan robar da ke jan ƙofar ne ya saki, ko ƙurar hunturu ta rufe idon da ke karatu.

In kuwa ya mutu da gaske, a zare wayar kuran daga bango tukuna, ba kashe maɓalli kaɗai ba. A kwance murfin gefe, a taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin a taɓa komai a ciki. A ɗauki hoton wayoyin da salula, don kada a manta mazauninsu. Waya biyu ce kawai a bayan lektar, ɗaya ta wuta, ɗaya ta bayanai. A zare su, a kwance kusoshin da ke riƙe da shi, yawanci huɗu ne, wasu ma maƙale yake kawai, sai a turo shi waje ta gaba.

Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wurin saye. Lektar iri biyu ne. Na da, IDE, wayarsa faffaɗa ce kamar ɗamara, mai haƙora 40. Na baya, SATA, wanda ya fara yaɗuwa daga 2003, wayarsa siririya ce. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Saboda haka a ɗauki tsohon a tafi da shi, ko Katako ne a Yamai ko kasuwar Dole a Damagaram, a ce irin wannan nake so, kuma a gwada shi da faifai a gabanka kafin ka biya. Mai IDE ya duba ɗan maƙalin da ke bayansa, ya mai da na sabon daidai inda na tsohon yake.

Ba ina zuga ku ku raba masu gyara da abincinsu ba ne. Akwatin wutar da ke ciki, mai fanka, nasu ne. Kada kowa ya buɗe shi, yana riƙe kuran ko bayan an zare waya. Wanda kuma hannunsa ke rawa, akwai lektar na waje da ake jonawa ta USB, ba kwance ko kusa ɗaya.

Ranar da ya tashi, a fara da faifan biki. DVD ɗaya na ɗaukar giga 4,7, ke nan kile mai giga 32 zai kwashe faifai shida cif. A kwafa wuri biyu, ɗaya a gida, ɗaya a hannun ɗiyar.