Kalmar "State" Mai Riguna Da Yawa

Ran 27 ga watan Mayu, 1967, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya kafa dokar ta-ɓaci a Nijeriya, ya kuma raba ƙasar gida 12. A Turanci kalma ɗaya ce ta ɗauki nauyin al'amuran nan biyu, wato "state". Cikin "state of emergency" ma'anarta hali ko yanayi, a ɗayan kuwa jiha ake nufi. Tafintan da ya riƙe ma'ana guda a wannan rana, da sai ya shaida wa jama'a an ƙirƙiro wata jihar gaggawa.

To, ba nan ta tsaya ba. "Head of State" shugaban ƙasa ne baki ɗaya, ba gwamnan jiha ba. "Minister of State" kuwa ƙaramin minista ne. In aka haye zuwa Amurka mai jihohi 50, sai lamarin ya ƙara cakuɗewa, domin "State Department" ita ce ma'aikatar harkokin wajensu, shugabanta kuma "Secretary of State". Mai fassarar da ya kira shi sakataren jiha, lalle ya tuɓe wa babban mutum rawani.

Amma inda abin ya fi nauyi shi ne kotu. In aka karanta "The State versus" wane, hukuma ce da kanta take tuhumarsa. Jim kaɗan a ce masa "state your name", wato faɗi sunanka. Talakan da ba ya jin Turanci yana tsaye ya zura wa bakin tafinta ido, ga ɗan sanda a bayansa.