Sukarin Bayan Tiyata da Jiƙon Maɗaci

A watan jiya ƙanwata ta kira ni daga Wurogauri, murya na rawa. Ɗanta mai wata 11, wanda aka haifa da huda a zuciya, an yi masa tiyata a wani asibiti mai nisa, kuma an dace. Sai dai a ɗakin kulawa ta musamman ta ji wata ma'aikaciyar jinya tana cewa sukarinsa ya hau. Babu wanda ya yi mata ƙarin bayani har aka sallame su. "Yaya," in ji ta, "Inna ta ce a rage masa nono, a riƙa ba shi jiƙon maɗaci."

Ni ba likita ba ne, amma na san wannan shawara za ta iya kashe yaron da wuƙar tiyata ta ceto.

Hawan sukari bayan tiyatar zuciya ba ciwon sukari ba ne. Idan jiki ya sha wuya irin wannan, yakan kwararo sinadaran kotizol da adirenalin, waɗanda ke sa hanta ta saki sukari, su kuma rage tasirin insulin. Injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu yayin tiyata, da wasu magunguna, da ruwan da ake ƙarawa, duk suna taimakawa. Galibi cikin 'yan kwanaki komai yake daidaita.

Su kansu masana sun daɗe suna muhawara kan yadda za a bi da shi. A 2009, wani bincike a Leuven ta Beljiyam, kan yara 700, ya nuna amfanin sauke sukarin da insulin, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa haka sukarinsu ya faɗi ƙasa ainun. A 2012, wani binciken a Amurka kan yara 980 da aka yi wa tiyatar zuciya bai ga tsananta saukewar ta rage kamuwa da ƙwayoyin cuta ko mutuwa ba. Faɗuwar sukari kuwa na iya illata ƙwaƙwalwar jariri. To, abin da ƙwararru ke yi da taka-tsantsan, da na'ura a gefen gado, ina ga uwa mai ƙoƙon jiƙo a hannu?

Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Nijeriya, a Inugu, amma har yau bayani da harshen uwa bai zama ɓangaren magani ba. Likitocinmu na Birnin Kebbi, Kalgo da Sakkwato, waɗanda yaran nan ke dawowa hannunsu, ya kamata su tambayi kowace uwa abin da ta ji a can, da abin da ta fahimta.

Mun kai yaron an gwada, sukarinsa lafiya lau. Inna ta zubar da jiƙon, yana kuma shan nononsa. Sauran iyayen da ba su da wanda za su kira fa?