Yawan Allura Ba Ya Hana Ɗinki Ruɓewa

A ƙasar Gumel, har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da yawan allura ake auna gwanintar likita. Wanda ya yi wa mace aiki ya ciro jariri, ya rubuta mata allurai na mako guda, shi ne gwani. Wanda ya yi mata guda ɗaya kafin ya sa wuƙa, bai ƙara ba, sai dangi su ce rowa ce, su zarce kemis su ciko leda da Ampiclox da Flagyl. Wannan ra'ayi yana kai mutane kabari.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ƙa'ida: a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta don riga-kafi cikin minti 120 kafin a fara yanka, kada a ci gaba da shi bayan aiki muddin ciwon bai harbu ba. Dalilin a fili yake. Duk allurar da aka yi babu buƙata tana kashe raunanan ƙwayoyin cuta, ta bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa. Ranar da ɗinki ya fara fitar da mugunya, su za a tarar, maganin kuwa ya zama tamkar ruwa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Mu ke nan.

Ga kuma shanun da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Yawancin makiyaya da kansu suke tsira musu allura, babu likitan dabbobi, ƙwayoyin da suka gagara a jikin saniya kuwa ba sa ƙyamar ɗan Adam.

Abin da ke kare ɗinki ba ya burge kowa: ruwan famfo a ɗakin tiyata, sabulu a hannun ma'aikaci, kayan aiki da aka turara, rage cincirindon 'yan dubiya a bakin gado. In ciwo ya harbu, a ɗebi mugunyar a kai ɗakin gwaji. Cikin kwana biyu zuwa uku a san maganin da zai ci ƙwayar, a daina laluben duhu.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya da ke Dutse ta fara ƙirga ɗinki nawa ke ruɓewa a kowane babban asibitin Jigawa, ta buga alƙaluman mu gani.