Kwamfutar Lakwal Ba Gidan Kallo Ba Ce

Malamai ƴan'uwana na Damargu, mu daina ɗora wa kwamfutar lakwal laifi. In ta cika, sai a ce ta tsufa, a kai ta Damagaram a wanke, makin yara ya bi ruwa. Me ya cika ta? Fassarar Indiya da bidiyon biki! Fim ɗaya yakan ci giga 1, wurin takardun maki sama da 1000 ke nan. Ni dai na ce a goge su, a kuma zazzage kwandon sharar, don abin da ke cikinsa yana nan yana cin wuri. Iyayen yara a Tanut da Belbeji, in an nemi kuɗin gyara, ku ce a fara nuna muku cikinta.