Mun adana motar Murtala, to ina takardunsa?

1/ Jama'a, ku gyara zama, zaren nan yana da ɗan tsawo. A ƙasar nan mun iya adana hula da sanda da motar tsohon shugaba. Amma takardar da ya sa wa hannu ta sauya rayuwar miliyoyin mutane, da wuya talaka ya san inda take, balle ya karanta ta. Ni dai ina ganin wannan sakaci ne mai tsada, kuma mu matasa yake ci. 🧵

2/ Mu fara da Legas. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta har gobe. Duk wanda ya tsaya gabanta sai jikinsa ya yi sanyi. Ta cancanci a adana ta, wannan babu ja.

3/ To amma fa Murtala ya yi kusan kwana 200 yana mulki. A ciki ya mai da jihohi 12 suka koma 19, ya yanke hukuncin ɗauke babban birni zuwa Abuja, ya sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000. Motar ta faɗa mana yadda ya rasu. Wa zai faɗa mana yadda aka tsara sunayen waɗanda aka kora? Wa ya kawo jerin? Akwai wanda ya ce a bi a hankali?

4/ Irin waɗannan amsoshin a takarda suke zama. Bayanan zaman majalisar ƙoli ta soja, wasiƙun da suka shiga suka fita, shawarar da manyan sakatarori suka rubuto, har da ɗan layi biyun da shugaba ke rattabawa da biro a gefen fayil. A nan ake gane ko mutum ya san abin da yake sa wa hannu ko turo masa kawai aka yi.

5/ Mun saba cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. To da me za mu tantance? In babu fayil, masoyin shugaba zai ɗora komai kan fadawa, maƙiyinsa zai ɗora komai kansa. Kowa ya kama nasa, a kwana ana zage-zage, a tashi babu wanda ya ƙaru da komai.

6/ Ku duba irin faɗan da muke yi a dandalin nan duk ranar 15 ga Janairu ko 12 ga Yuni. Wani ya ɗauko hoton Sardauna ko na Azikiwe ya manna masa wata magana, babu kwanan wata, babu inda aka faɗa. Kafin azahar an yaɗa ta sau dubbai. Mai ƙaryatawa ma ba shi da takardar da zai nuna. Ƙarya tana samun gindin zama ne a inda aka kulle gaskiya a kwaba.

7/ Ga misali mai zafi. A 1994 gwamnatin Abacha ta kafa kwamitin Dakta Pius Okigbo ya binciki Babban Bankin ƙasa. Daga nan maganar dala biliyan 12.4 ta rarar kuɗin mai ta fito, wadda ake alaƙantawa da zamanin Babangida. Shekaru aka kwashe ana ja-in-ja har gaban kotu kan ina ainihin kwafin rahoton yake. Rahoton gwamnati fa, ba takardar tsire ba.

8/ Haka kwamitin Mai Shari'a Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999 don bin diddigin take haƙƙin ɗan Adam. Mutane sun zo sun yi kuka a gaban talabijin, an miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Sai ƙungiyoyin farar hula ne suka sake shi a 2005. Da su ma sun yi shiru fa?

9/ Sai a Fabrairun 2025, wajen ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a Abuja, Janar Babangida ya amince cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni 1993. Shekara sama da 30 ƙasa guda tana jiran mutum ɗaya ya ga dama ya yi magana. Kuma abin da ya ga dama ya faɗa shi muka samu.

10/ Ku gane ni, ban raina littafin tsohon shugaba ba. Shagari ya rubuta nasa, Obasanjo ya rubuta da yawa, kuma suna da amfani. Sai dai duk mai ba da labarin kansa, lauyan kansa ne. Ba ya rasa abin da zai tsallake. Da fayilolin ofis ake auna littafin, a ga inda ya yi daidai da inda ya kauce.

11/ Mu leƙa Amurka, don su ma wuya ce ta koya musu. Da can shugabansu in ya sauka yakan kwashe takardunsa ya tafi da su a matsayin kayansa. Sai badaƙalar Watergate ta zo. A 1974 Kotun Ƙoli ta tilasta wa Nixon miƙa kasakasan hirarrakin da ya naɗa a ofis. Cikin makonni kaɗan ya yi murabus. Muryarsa ce ta kama shi.

12/ Majalisarsu ta ji tsoron kada ya lalata sauran, ta yi doka ta riƙe su. A 1978 kuma suka kafa dokar da ta ce takardun aikin shugaban ƙasa mallakar al'umma ne. Ta fara aiki daga kan Reagan. Ranar da shugaba ya sauka, hukumar adana takardun ƙasa ta karɓe su. Bayan shekara 5 jama'a na iya neman gani, wasu kuma a jinkirta su har shekara 12.

13/ Shi ya sa a Agustan 2022 kuka ga jami'an FBI sun shiga gidan Trump na Mar-a-Lago neman takardu. Daga baya aka samu wasu takardun sirri a gidan Biden shi ma, aka naɗa mai bincike. Bar batun siyasar da ta biyo baya. Abin lura shi ne akwai hukumar da ta san wani abu ya ɓace, kuma ta bi sawu.

14/ Mu a nan, wa ke ƙirga akwatunan da ke fita daga fadar Aso Rock ranar 29 ga Mayu? Muna da dokar adana takardun ƙasa ta 1992, muna da dokar 'yancin samun bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a 2011. Amma ba mu da doka ta musamman mai haƙora da ta ware takardun shugaban ƙasa, ta ce ga ranar miƙawa, ga ranar buɗewa, ga hukuncin wanda ya ɓoye.

15/ Abin da ya fi ban takaici, ɗalibin da ke son nazarin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yakan fi samun sauƙin karanta abin da jami'an Ingila da Amurka suka rubuta a kanmu. Na Ingila suna ma'ajiyarsu ta Kew a Landan, na Amurka da dama suna intanet kyauta. Wato labarin gidanmu sai mu ji shi a bakin baƙon da ya leƙo ta taga.

16/ Kuma baƙon nan ba waliyyi ba ne. A 2011, sanadiyyar ƙarar da tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya suka shigar, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayilolin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Wasu kuma tun lokacin ba da 'yanci aka ƙone su. Wanda ke riƙe da takarda shi ke zaɓar abin da za a tuna.

17/ Na san abin da wasu za su ce: ai gara iyali su riƙe, in aka ba gwamnati gara ce za ta cinye. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ma'ajiyar takardun ƙasa da Kenneth Dike ya assasa a 1954, mai manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna, ta daɗe tana fama da ƙarancin kuɗi da kayan aiki. Masu bincike sun sha kokawa a kai.

18/ Sai dai maganin ɗakin da ke yoyo shi ne a gyara rufin. Iyali suna da kara, amma iyali suna rabon gado, suna sayar da gida, suna ƙaura. Jika na uku bai san darajar tsohuwar wasiƙa ba. Sannan babu ɗan da zai fito da takardar da za ta zubar da mutuncin mahaifinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya sa bai kamata nauyin ya zama nasa ba.

19/ Wasu kuma za su nuna laburaren Obasanjo da ke Abeokuta, wanda aka buɗe a 2017. Gaskiya an yi ƙoƙari, har da kwaikwayon ɗakin kurkukun da aka tsare shi a Yola. Amma an tara kuɗinsa ne tun 2005 yana kan mulki, abin da ya jawo suka sosai a lokacin. Kuma wurin da mutum ya gina da sunansa, shi ke zaɓar abin da za a rataya a bango.

20/ A taron littafin Babangida ma an yi alƙawarin biliyoyin naira don gina nasa laburaren. Madalla da gini. Tambayata ɗaya ce: fayilolin soke zaɓen 1993 da na tsarin SAP za su kasance a ciki, ɗalibi daga Gusau ya zo ya nema a ba shi? In amsar a'a ce, to ɗakin hotuna aka gina.

21/ Batun tsaro kuma, eh, akwai sirrin da ba a buɗewa yau. Babu mai cewa a watsa bayanan yaƙi da 'yan ta'adda a Facebook. Amma sirri yana da wa'adi. Ingila ta rage nata daga shekara 30 zuwa 20. Wane tsaro ne zai lalace in an buɗe fayil ɗin korar baƙi ta 1983, wadda ta shafi 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Chadi masu ɗimbin yawa?

22/ Kada ku ɗauka takarda tonon silili kawai take yi. Tana wanke mutum ma. Masoyan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa suna alfahari da yadda ya bayyana kadarorinsa a fili a 2007, da kwamitin Uwais na gyaran zaɓe. To wa ke tafiyar da ƙasa daga Nuwamban 2009 zuwa Fabrairun 2010 yana jinya? Fayil zai raba shi da laifin da wasu suka aikata da sunansa, in akwai.

23/ Kuma muna da abin koyi a gida. Gidan Sardauna na Kaduna ya zama Arewa House ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ana bincike a cikinsa. Gidan Malam Aminu Kano ya zama Mambayya ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Kabarin Firayim Minista Tafawa Ɓalewa a Bauchi yana da ɗakin kayansa. Da aka haɗa gida da jami'a, ai ga shi ana cin moriya.

24/ Lokaci fa ba ya jira. Shagari ya rasu a Disambar 2018. Buhari ya rasu a Yulin 2025, bayan ya mulki ƙasar nan sau biyu, da kaki da farar hula. Sakatarorinsu da dogarawansu da masu buga musu takarda suna tsufa. Duk wanda ya tafi a cikinsu, ya tafi da abin da ba za a sake samu ba.

25/ Abin da nake ganin ya dace: Majalisa ta yi dokar da za ta ce takardun aikin shugaban ƙasa da na gwamnoni na jama'a ne, har da saƙonnin imel da na waya da suka shafi aiki. A miƙa su ranar sauka, a sa wa'adin buɗewa. Hula da carbi da wasiƙun iyali kuwa na magada ne, in sun so su bayar, in sun so su riƙe.

26/ Sannan a zuba kuɗi a ɗauki hoton abin da ke Kaduna da Ibadan da Inugu a ɗora a intanet. Ba abu ne da ya gagara ba. Matasan Archivi.ng suna yin haka da tsofaffin jaridun ƙasar nan. Ku yi tunanin a ce duk fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 tana cikin wayarka, ka laluba da kanka.

27/ Namu aikin kuma: in ka ga an manna wa tsohon shugaba magana, tambayi yaushe, a ina, wa ya ruwaito, ko da maganar ta yi maka daɗi. In kakanka ya yi aikin gwamnati ko siyasa, buɗe tsohuwar adakar nan, ɗauki hoton takardun kafin damina ta gama da su, ka tuntuɓi sashen tarihi na jami'a mafi kusa.

28/ Kuma in ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, cikin tambayoyin ruwa da hanya ku saka wannan: zai goyi bayan dokar takardun shugabanni? Shugaban da ya san jikokin talakawa za su karanta fayil ɗinsa wata rana, zai yi tunani kafin ya sa hannu. Wane fayil za ku fara buɗewa in an ba ku dama? Ku faɗa min a ƙasa. 👇