Ciwon ƙoda: Ɗan naman da bai kamata asibitocin Arewa su bari ya lalace ba

A Gashuwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bade a Jihar Yobe, ciwon ƙoda ya daɗe da zama zancen da ake yi a wurin zaman makoki. Zato ya yi yawa. Wasu su ce ruwan sha ne, wasu su ce maganin feshin gona, wasu su ɗora laifin a kan tsananin zafi ko shan maganin ciwon jiki barkatai.

Hankalin hukumomi ya fi karkata ga wankin ƙoda. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu asibitocinta. Wannan abin a yaba ne. Sai dai injin wanki ba ya gaya wa kowa abin da ya kashe ƙodar. Amsar tana cikin naman ƙodar ne, kuma shi ne abin da ya kamata manyan asibitocin Arewa su fara adanawa da gaske.

Idan likita na son sanin takamaiman abin da ke damun ƙoda, yakan yi gwajin da ake kira bayofsi. Za a kashe wa majinyaci wurin da allura, a duba ƙodar da na'urar sikanin, sannan a zura wata siririyar allura ta baya a tsinko ɗan nama mai kaurin kusan milimita ɗaya, tsawonsa kuma santimita ɗaya zuwa biyu. Ƙoda ɗaya tana da matatu kusan miliyan guda, amma idan ɗan naman ya zo da goma ko fiye, likita zai iya gane cutar.

Ba kowa ake yi wa wannan gwaji ba, domin yana iya jawo zubar jini. Wanda ƙodarsa ta riga ta ƙanƙance kuwa, galibi ba a taɓa shi. Tunda yawancin majinyata sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa asibiti, naman da ake samu kaɗan ne ƙwarai. Wannan ƙaranci shi ya sa kowane ɗan yanki yake da daraja.

Matsalar tana wurin ajiya. Hanyar da aka saba ita ce a jefa naman cikin ruwan fomalin, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri a duba da madubin likita. Wannan yana nuna siffar ɓarnar. Amma binciken zamani ya wuce kallon siffa. Yanzu masana na karanta saƙonnin da ke cikin ƙwayoyin halitta, waɗanda ake kira RNA, domin su ne ke bayyana abin da ƙodar ke fama da shi a daidai lokacin da aka tsinko naman. Waɗannan saƙonni suna fara rubewa da zarar nama ya bar jiki, shi kuma fomalin yana daddatsa su.

Maganin wannan ba boyayye ba ne. Ana iya daskarar da naman nan take cikin ruwan nitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a ajiye shi a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Akwai kuma wani ruwan gishiri na musamman mai suna RNAlater, wanda ke riƙe saƙonnin na tsawon mako guda a zafin digiri 25, wata guda a firij. Wato ana iya ɗaukar nama a Damaturu ko Nguru ya isa Kano ko Maiduguri bai lalace ba.

Wasu sun riga sun ci moriyar irin wannan ajiya. A Amurka an fara wani babban shiri a 2017 na tattara naman ƙoda da yardar majinyata, kuma a 2023 masana suka fitar da taswirar manyan nau'o'in ƙwayoyin ƙoda 51, masu lafiya da masu rauni.

Misali mafi kusa shi ne na ƙwayar gadon nan mai suna APOL1. A 2010 aka gano cewa wasu nau'o'inta biyu, waɗanda ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga 'yan asalin Afirka. A 2024 aka wallafa binciken shirin H3Africa a kan mutum 8,355 a Najeriya da Ghana. An samu kusan kashi 30 cikin 100 sun gaji nau'in daga uwa da uba, kashi 43 kuma daga ɓangare ɗaya. Mutum 866 daga cikinsu an tabbatar da cutarsu ne ta hanyar bayofsi. Tuni ake gwajin wani magani mai suna inaxaplin da aka ƙera domin masu wannan gado.

Sai dai yawan wannan gado ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Abin da aka gani a Ibadan ko Akara ba lallai ya fassara abin da ke faruwa a Gashuwa ba. Idan babu naman Babade da Babarbare da Bahaushe da Bafulatani a ma'ajiya, za a ci gaba da yi musu magani da sakamakon binciken wasu.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma suna da hujja. Na farko za su ce naman bai ma ishi gwajin majinyaci ba, balle a raba. Gaskiya ne, kuma haƙƙin majinyaci shi ne kan gaba. Abin da ya rage bayan an gano cutarsa ne kaɗai za a ware, ba tare da an ƙara masa sukar allura ba.

Na biyu za su kawo batun wuta. Firizar da aka ɗauke wa wuta na kwana biyu ta zama kwandon shara. Shi ya sa bai dace kowane asibiti ya ce sai ya yi tasa ma'ajiyar ba. A kafa ɗaya ko biyu masu sola da batir da janareta, sauran su riƙa aikowa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke dashen ƙoda tun 2002, da na Jami'ar Maiduguri suna da ƙwararrun da za su riƙe wannan aiki.

Na uku shi ne amana, kuma ya fi sauran nauyi. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu sanƙarau a 1996 ba. Duk wanda za a ajiye namansa dole a yi masa bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa a rubuce, a sanar da shi cewa ƙin yarda ba zai rage masa kulawa ba. A cire sunansa a sa lamba. Kada nama ya ƙetare iyaka sai da rubutacciyar yarjejeniya da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.

Ko tsofaffin dunƙulen kakin da ke jibge a ɗakunan gwaje-gwaje bai kamata a wofintar da su ba, domin sababbin na'urori sun fara iya karanta abin da ya saura a cikinsu. Suna buƙatar lamba da rajista da ɗaki mai sanyi.

Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana. Gwamnonin Yobe da Borno da Jigawa da Kano, idan sun zauna rubuta kasafin lafiya na baɗi, su buɗe layi ɗaya a ƙarƙashin na wankin ƙoda: firiza, wutar da ba ta yankewa, ruwan ajiya, da ma'aikacin da zai riƙa tsayawa a gefen gado duk ranar da za a yi bayofsi.