Jami'o'i: lambar sirri kaɗai ba ta isa tsare asusun malami da na ɗalibi ba

A ranar 23 ga Disamba 2019 kwamfutocin jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan suka kulle baki ɗaya. Ɓarayin intanet sun shiga ne tun watan Oktoba ta hanyar saƙonnin imel na yaudara, suka yi lamo wata biyu, sannan suka rufe komai. Sai da jami'ar ta biya Bitcoin 30, kusan miliyan 130 na kuɗin sefa a lokacin, kafin ta samu bayananta. Kafin wannan, a Maris 2018, hukumomin shari'a na Amurka sun tuhumi wasu Iraniyawa 9 da kutsawa cikin asusun malamai kusan 8,000 na jami'o'i 320 a faɗin duniya. Dabararsu ba ta da wuya: su aika wa malami saƙo kamar daga abokin aikinsa, ya latsa, ya rubuta lambar sirrinsa a shafin bogi.

Irin wannan ne ya sa manyan kamfanoni suka daina lallashi. Microsoft ya fara wajabta tantancewa mai mataki biyu ga masu kula da tsarinsa na Azure a Oktoba 2024, Google kuma ya sanar a Nuwamba na wannan shekarar cewa zai yi haka ga masu amfani da Google Cloud. Duk jami'ar da ke ajiye saƙonninta ko bayananta a hannun irin waɗannan kamfanoni, maganar za ta iske ta, ko tana Yamai, ko Maraɗi, Damagaram ko Tawa.

Tsarin shi ne, bayan lambar sirri da mutum ya hardace, a nemi shaida ta biyu daga abin da ke hannunsa, galibi wayar salula. Ɓarawo ya saci lambar sirri daga nesa, amma wayar tana aljihun mai ita. Wanda ya taɓa karɓar lamba 6 yayin buɗe WhatsApp a sabuwar waya ya riga ya san abin. A jami'a kuwa, abin da ake karewa ba ƙarami ba ne: makin ɗalibai, tambayoyin jarrabawa kafin ranar zama, da kundin binciken da wani ya kwashe shekaru yana haɗawa.

Inda ake bukatar nazari a nan Nijar shi ne wace irin shaida ta biyu za a zaɓa. Mafi sauƙi ita ce lambar da ke zuwa ta gajeren saƙo, domin ko ƙaramar waya mai madannai tana karɓa. Sai dai ta dogara ga layi da rezo. Ɗalibi na da layin Airtel yau, gobe ya koma Moov ko Zamani saboda rangwamen kuɗin intanet. In ya je hutu ƙauye, saƙon na iya makara har lambar ta mutu. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kuma, kamfani na iya bai wa wani, saƙonnin su riƙa faɗawa hannun baƙo.

Manhajojin tantancewa irin su Google Authenticator da Microsoft Authenticator sun fi dacewa da halin da ake ciki, kuma mutane da yawa ba su san dalili ba. Sau ɗaya ake haɗa su da asusu, ta ɗaukar hoton wani tambari mai kusurwa huɗu da shafin zai nuna. Daga nan wayar da kanta ke lissafa sabuwar lamba kowane daƙiƙa 30, ba intanet, ba kiredi. Sharaɗin kawai agogon wayar ya zama daidai, kuma batir na da caji, abin da ba a raina shi a lokacin zafi da wutar NIGELEC ke yawan ɗaukewa.

Amma wannan na bukatar babbar waya, ba kowane ɗalibi ke da ita ba, wasu ma aro suke a ɗakin kwana. Jami'ar da ta wajabta manhaja ga kowa rana ɗaya za ta kulle talakawan ɗalibanta a waje kafin ta kulle ɓarawo. Ya fi kyau a fara da ma'aikatan ofishin rajista da malaman da ke shigar da maki, a bar wa ɗalibai zaɓin gajeren saƙo.

Akwai kuma ranar da waya ta ɓace a tasha ko ta faɗa ruwa. Yawancin tsare-tsaren na ba da lambobin ko-ta-kwana, kowace a yi aiki da ita sau ɗaya. Wurinsu takarda ne a cikin akwati tare da takardar haihuwa, ba hoto a cikin wayar da za ta ɓace ba. Wanda bai ajiye su ba, dole ya nufi ofishin kwamfuta na jami'a, kuma a nan ne mayaudari zai gwada sa'arsa: ya kira ya ce shi ne malam wane, wayarsa ta lalace, a cire masa tantancewar da gaggawa. Ma'aikacin da kunya ta hana shi ce wa babban malami ya zo da kansa da katin shaida, shi zai buɗe wa ɓarawon ƙofa da hannunsa.